Irin Gidanmu Zai Kwana a Waje

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro na manoman Damagaram, Allah ya ƙara maka haƙuri da mu. Wakilin mai girma gwamna, barka da zuwa. Wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki. Iyayenmu hakimai da masu gari, malamanmu, sarakunan noma da suka taso daga kudu da arewa, ma'aikatan gona da masu awon ruwan sama, 'yan'uwana mata da ke zaune can baya inda rumfa ta ƙare, da samarin da ke tsaye a bakin ƙofa, ina gaishe ku gaba ɗaya, babba da yaro.

Sunana Zuliha. Daga Dogon Kirya nake, gabas da Mirriya. Karatuna bai wuce allo da aji shida na lakwal, wato makarantar boko, ba, kuma yau ne farkon riƙe wannan ƙarfen magana a rayuwata. In na yi kuskure, ku yi mini uzuri.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan bazara. Ina godiya ga ƙungiyar manoma da ta ce a ba mace wuri ta yi magana. Ina godiya ga mutanen garinmu da suka yi mini gayyar girbi bara, lokacin da nake cikin takaba. Ina kuma godiya ga direban hiyas ɗin da ya kawo mu yau da safe, don ya yarda na riƙe buhuna a cinya, bai jefa shi kan mota ba. Ga buhun can a hannun ƙanin mijina, Yakuba. Zan faɗa muku abin da ke cikinsa kafin in sauka.

An ce in zo in yi magana da bakin matan da suka rasa mazajensu. Na san wasu sun zaci kuka zan yi. Kukana na yi shi a ɗaki, kuma bai ƙare ba, amma ban kawo shi nan ba. Tambaya na kawo. Iyayenmu sun ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa tun da na fita takaba ban bar kowa ya huta ba.

Maganata ta farko a kan mai gidanmu ce, Allah ya jiƙansa. Kun san mace ba ta kama sunan mijinta. Shekara talatin da ɗoriya ina ce masa Malam, to haka zan ce masa a gabanku.

Malam manomi ne da ba ya gaggawa. In bazara ta yi nisa, yakan duba tsamiyar bayan masallaci ya ga ko shamuwa ta sauka. Yakan duba gawon da ke kwarin gonarmu ya ga ko ya fara zubar da ganye. In ruwan farko ya sauka, sai ya fita da sassafe ba takalmi, ya durƙusa a gona, ya tona ƙasa da hannu. In laima ba ta kai wuyan hannunsa ba, sai ya dawo ya ce, "Zule, wannan na wankin ganye ne, ci gaba da dakanki." In ta kai, tun daga zaure nake jin muryarsa: "A buɗe rumbu." Haka ya gani a wurin mahaifinsa, haka mahaifinsa ya gani, kuma wannan awo bai taɓa ba shi kunya sosai ba.

Bara shamuwa ta sauka. Gawo ya zubar da ganye. Ruwa ya zo, laima ta wuce wuyan hannu. Ya ɗauki sungumi yana sara a gaba, mu muna binsa muna zuba iri muna rufewa da diddige, har muka gama gonar duka. Hatsi ya tsiro kore shar, abin sha'awa. Daga nan sama ta rufe bakinta kusan mako uku. Muna kallo tsiron ya murɗe, ya koma kamar zare, ya ƙone.

Da ruwa ya dawo muka sake shuka. Wannan karon hadari ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas, muka kwashe shanya muna murna. Iskar da ke gabansa ta kwaso rairayi ta yanke tsiron, ta binne sauran, hadarin kuma ya wuce ta kanmu bai ɗiga ko ɗigo ba. Da yamma na tarar da Malam zaune a gindin gawo. Ya ce, "Zule, alamomin duka sun faɗi gaskiya. Ruwan ne bai ji abin da suka faɗa ba." Na ce, "To Malam, wa ya rikice, kai ko shamuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Ki bar shamuwa, ita tana da fuka-fuki, in ta ga ba daidai ba sai ta tashi."

Shuka ta uku da abin da ya rage a gindin rumbu muka yi ta, a makare. Sai ruwan ya zo da yawa kamar yana biyan bashin fushi. Ku mutanen birni kun fi ni sanin gidajen da suka faɗi. Mu a ƙauye ruwa ya kwanta, sauro ya yi yawa, masassara ta kama Malam yana tsakiyar noma. Ya ƙi kwanciya, don ya ce ciyawa ba ta san mara lafiya ba. Da muka kai shi gidan likita sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kwana ya ƙare. Ya rasu hatsi ya fid da kai, bai kai ga cin tumu ba. Ruwa kuma ya ɗauke kafin yawancin gonar ta yi ido. Kwarin nan na gindin gawo kaɗai ya cika.

Ban zo in ce ruwa ne ya kashe mijina ba. Mai rai mamaci ne, kuma Allah ne mai ruwa, shi ne mai rai. Amma Allah ya halicci sababi, ya kuma ba mu hankali mu duba. Wata huɗu da kwana goma ina zaune a ɗaki, tambaya ɗaya ke yi mini yawo a kai: mutumin da bai yi kuskure ko ɗaya ba cikin abin da aka koya masa, yaya aka yi ya shuka gona sau uku?

Maganata ta biyu ita ce abin da na jiyo da na fita yawon tambaya.

Na je wurin Mushe Ibrahim, wato malam a bakin 'yan lakwal, ga shi can zaune a layi na biyu, ɗaya daga cikin ma'aikatan meteyo masu awon ruwan sama. Allah ya saka masa, bai raina ni ba. Na ce masa, "Mushe, daga ina ruwan sama yake tasowa?" Ya ce daga teku, can kudu maso yamma, bayan Najeriya da ƙasashen gaɓa. Iska ce ke ɗauko laimarsa, tana tafe tana zubarwa a hanya, kafin ta iso wurinmu kayanta sun yi sauƙi, in ta wuce Tanut kuwa kusan hannu biyu take isa.

Na ce, "Mushe, ka yi haƙuri, a nan ban yarda ba. Tun ina yarinya daga gabas nake ganin hadari yana tasowa. Ko makaho a garinmu ya san haka." Ya yi murmushi ya ce duka biyun gaskiya ne. Laimar ta ƙasa-ƙasa take shigowa daga kudu, iskar da ke can sama kuma ita ke tara gajimare ta koro shi daga gabas. Na ce, "Wato kamar mai tallan nono ce, daga kudu rugarsu take, amma ta ƙofar gabas take shigowa gidanka." Ya ce in ya samu dama zai faɗa wa 'yan lakwal haka.

Jama'a, ni ban taɓa ganin teku ba. Na koma gida ina ta mamaki: ashe ruwan da ke jiƙa gonata baƙo ne da ya yi tafiyar da ta fi ta fatake.

A wannan zaman dai, Mushe Ibrahim ya shimfiɗa mini taswirar ƙasarmu a kan tebur. Na ce ya nuna mini inda ake noma. Ya ja yatsansa ta gefen ƙasa kawai, siririn wuri daga yamma zuwa gabas. Sauran duka rairayi da duwatsu. Sai na ga ƙasarmu kamar babbar riga ce da aka shanya, bakinta na ƙasa kaɗai ya taɓa ruwa, mu kuma kusan dukanmu a wannan bakin muke tsugune, manomi da makiyayi, Bahaushe da Babarbare da Bafulatani da Ba'abzine.

Na tambaye shi ko ruwan raguwa ya yi. Ya ce ba kullum ba. Wata shekara in an tara awon, yakan kai na da, har ya fi. Halinsa ne ya sake. Abin da da yake zuwa kaɗan-kaɗan cikin wata, yanzu yakan zubo shi a yini ɗaya, sannan ya tafi ya bar ka. Zafi kuma ya ƙaru, ƙasa tana saurin bushewa. Wannan na gane shi, don na yi reno. Yaron da ka ɗura wa abincin mako a rana ɗaya, ka bar shi kwana shida, ba za ka ce ka ciyar da shi ba.

Na ce me ya kawo haka. Ya ce masana sun ce hayaƙin masana'antu da motoci na duniya ne ya taru a sama yana riƙe zafi, akasarinsa daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Wannan har yau ina juya shi a raina. Hayaƙin da ban gani ba, na wutar da ban hura ba, shi ya zo ya sami mijina a gindin gawo. Na tambaye shi ko shamuwa ta san da wannan labari. Ya ce wannan kam bai sani ba. Na ji daɗi da ya faɗi haka, don mai cewa bai sani ba shi ake yarda da shi in ya ce ya sani.

Maganata ta uku gare ku ce, mutanen birni da manyan ma'aikata, masu ganin kamar zancen damina na mutanen ƙauye ne.

Ɗana Mutari yana kabu-kabu a nan Zango. Shi ba ya duban shamuwa, amma ya san yadda damina ta kasance ba tare da ya je gona ba. Ya ce mini, "Inna, in kaka ta yi kyau, mutumin ƙauye yakan sauka a tasha ya ce kai ni wurin tela, kai ni wurin masu kwano. Bana kowa da ƙafa yake tafiya, in ka tsaya masa sai ya ce yana motsa jini." Ku duba yadda abin yake bin juna. Hatsi bai yi ba, tiya ta hau a kasuwa. Tiya ta hau, manomi ya kawo akuyarsa, dubu irinsa sun kawo tasu, akuya ta faɗi. Tela ya zauna yana kallon kekensa. Magini ya rasa mai kiransa. Samari suka ɗaure kaya, wasu Kano, wasu Agadas, wasu inda uwa ba ta iya kiran sunan garin. Gwamnati kuma, abin da za ta gina aji da shi ko ta haƙa rijiya, sai ta sayo hatsi da shi daga waje.

Kakata takan ba mu labarin lokacin da ake tara gyaɗa a Magarya da Matamai kamar tuddai, manyan motoci suna kwasa. Takan ce Damargu, yankin Tanut, rumbun ƙasa ce. Yau in ƙanwata da ke aure can wajen Tanut ta kira ni, tambayarta ta farko ita ce nawa tiya take a wurinku. An ce muna da fetur, muna da ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa, Allah ya sa musu albarka. Amma ban taɓa ganin an dama fura da fetur ba. Arzikin ƙasar nan da ƙafa ɗaya yake tsaye, ƙafar kuma a cikin gona take.

Don haka ina roƙo. Ku masu awon sama, in za ku yi magana a rediyo, ku yi ta da Hausa da Barbarci da Fulatanci, kuma kada ku tsaya ga cewa ruwa zai zo. Mun iya ganin zuwansa. Ku gaya mana in kuna jin zai ɗauke bayan ya zo, ko da ba ku tabbata ba. Ku ma'aikatan gona, iri mai saurin nuna da kuke kawowa, ku taimaka ya riƙa isowa kafin shamuwa. Ku manoma 'yan'uwana, ku bar gawo ya girma a gonakinku. Ban san duk hikimarsa ba, amma na ga inda hatsina ya tsira.

Yanzu sai buhu. Yakuba, matso da shi nan gaba.

Wannan irin hatsin gidan mijina ne. Zangarniyarsa doguwa ce, tana da gashi, tsuntsu ba ya son ta. Furarsa fara ce, tana da garɗi. Yana da jinkirin nuna, kuma yana jariri ba ya jure ƙishi, amma in ya kai gwiwa sai ya yi ta haƙuri kamar mai shi. Kowace kaka Malam yakan shiga gona kafin girbi ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure daban. Bara ba shi. Da mutanen gayya suka kawo dammunan kwari, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na zaɓa da hannuna, yadda na ga yana yi. Abin da ya fito ke nan. Ba sauran wani a duniya, don gidan mijina suna da wata al'ada tun kakanni: irin gida ba ya kwana a waje. Ba a sayarwa, ba a kyauta, kuma ba a buɗe wa kowa shi kafin gida ya shuka, wai kada albarka ta bi baƙo.

Ba na zagin al'adar. A zamanin da ruwa ke cika alkawari, ta tsare irin nan daga lalacewa. Amma ku duba inda ta kawo mu. In na zuba shi duka a gonarmu ruwa ya yi mini irin ta bara, ya ƙare ke nan. In na ɓoye shi a rumbu, ƙwari da shekaru za su cinye ransa. Mutari ya ce, "Inna, ki dama shi ki sha, ki karɓi na zamani ki huta." Na ce zan karɓi na zamani in shuka rabin gona, don ina so in ga halinsa da idona. Amma ba zan sha kakanninsa a ƙwarya ba.

Abin da ya buɗe mini ido maganar Kolo ce, abokin Malam. Ya ce a makon da tsironmu ya ƙone, garinsu da bai wuce tafiyar hantsi ba an yi ruwa har sau biyu. Na tambayi 'yata Safiya da ke aure a Magarya, ta ce su ruwa ya yi musu yawa. Na tambayi mutanen Gidimuni, nasu labarin daban. Sai na gane ruwan yanzu yakan yaudari gari, amma bai cika yaudarar ƙasa duka a rana ɗaya ba. Yana tsallake jigawa ya sauka a kwari, yana tsallake arewa ya sauka a kudu.

Na sami Yakuba, don shi ne babba a gidan yanzu. Na ce ina so in raba irin. Ya dubi buhun. Sannan ya ce, "Ke kin fi ni sanin abin da Yaya zai ce." Na ce, "Yayanka zai ce a'a. In ya kwana biyu kuma sai ya ce dama shawararsa ce." Yakuba ya yi dariya har ya share ido. Ya ce, "To amma gida bai shuka ba, ruwa kuma bai zo ba. Wannan ba zan iya tsallake ta ba." Na ce ba sai mun tsallake ba. Jiya da safe muka je kwarin nan na gindin gawo, ya sara busasshiyar ƙasa da sungumin yayansa, na zuba, na rufe da diddige. Mun yi binne. Gida ya shuka. Yanzu iri yana da izinin fita.

Mushe Ibrahim ya gargaɗe ni cewa hatsi yana auratayya da na maƙwabta ta iska, abin da zai dawo mini ba zai zama sak irin wanda na bayar ba. Na ce, Mushe, 'ya'yan Safiya ba su ɗauko hancina ba, amma jikokina ne.

To ga roƙona na ƙarshe. Ina neman mutum daga Magarya, da mutum daga Matamai, da na Gure mai noma a kwari, da na Tanut mai noma a jigawa, da duk wanda ƙasarsa ta bambanta da tawa. In an tashi, ku same ni a bakin rumfa, kowa ya kawo bakin rigarsa ko gefen zanenta in zuba masa tafi guda. Ba na sayarwa ba ne. Ku shuka shi a gefen gona, kada ku ba shi wurin abincin 'ya'yanku. In kaka ta yi, wanda nasa ya yi ya aiko mini da zangarniya ɗaya. Wanda nasa bai yi ba, kada ya ji kunya, ya aiko mini da labari: wace irin ƙasa ce, yaushe ruwa ya zo, yaushe ya ɗauke. Labarin ma ina son sa, don har yanzu ban gama tambaya ba.

Da safe a mota Yakuba ya ce mini, "In sun tambaye ki sunan irin fa?" A gida ba mu taɓa sa masa suna ba, namu kawai muke cewa. Amma abin da zai shiga hannun baƙi dole a san yadda za a kira shi, kada ya ɓace cikin sauran. Saboda haka iyayena mata ku gafarce ni, zan yi abin da ban taɓa yi ba. Ku kira shi Ɗan Alkasum. Sunan Malam ke nan.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan dukan waɗanda suka shuka ba su ci ba. Allah ya ba mu damina mai hankali, wadda za ta zo a kan kari ta zauna har hatsi ya yi ido. Allah ya tsare mu daga fari da ambaliya. Allah ya dawo mana da 'ya'yanmu da ke nesa, ya sa su tarar da rumbu a cike. Allah ya ba shugabanninmu kunnen saurare, ya ba masananmu gaskiyar faɗa. Allah ya zaunar da Damagaram da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ina bakin rumfa, buhun a buɗe yake.

Na gode.